Lambar da Baba Bai Saki Ba

Gidanmu na Cadakori a cikin kwari yake, shi ya sa rezo ba ya shigarsa. Ko ka ɗaga salula sama har hannu ya gaji, ba za ka ga komai ba. Wuri ɗaya ne yake kamawa, can saman kusurwar zaure ta gabas, kusa da 'yar taga. Nan na buga ƙusa shekara biyu kafin rasuwar Baba, na rataye akwatin wifi mai cin layi, na ja masa wuta daga batirin pano mai cin rana. Yana kaiwa zaure, yana kaiwa dakalin ƙofar gida. Da ka wuce katanga ta biyu zuwa ɓangaren mata, shi ke nan, ya mutu.

Ni ce ɗiyar fari a gidan. Lissafi nake koyarwa a koleji a Gidan Rumji, in 'yan gida za su tsokane ni sai su ce mini Madam. Ina da saurin baki, ina kuma da jin cewa abin da na sani na sani. Ba zan ɓoye wannan ba, don shi ne rabin labarin.

Baba ya rasu gero na kai gwiwa, bayan ya yi wata biyu kwance a ɗakin Inna. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, Baffa, wato ƙanen Baba, ya tattara kayan mamaci ya zuba a turakarsa, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli aljihu. Haka ake yi a gidanmu: daga riga har tsinken sakace, ba mai taɓa kayan wanda ya tafi sai ranar rabon gado. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ta ajiye kwalli, ta ajiye lalle, ta ɗaura wani tsohon zane, iyakarta ɗaki da rumfar ƙofar ɗaki. Gwaggo, yayar Baba, ta dawo gidan don taya ta zama, ta kuma ba ta wata 'yar wuƙa ta ce ta riƙa sokewa a ƙugu ko'ina za ta, saboda kurwar miji ba ta saurin barin gida. Na ce malamai sun ce wannan ba shi da asali. Gwaggo ta ce malaman su zo su yi takabar su gani.

Mutum ɗaya ne bai zo gaisuwa ba, autanmu. Shekara uku kafin nan ya sayar da bijimin garma ba da sanin Baba ba, ya yi guzuri ya yi arewa. Baba ya tsaya a zaure gaban mutane ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofar gida. Tun ranar ba su sake jin muryar juna ba. Yana can bayan iyakar Aljeriya yana aikin gini, ba shi da layin ƙasar, sai ranar Juma'a bayan masallaci yakan tsaya wani shago mai wifi kamar na minti ashirin kafin motar aiki ta kwashe su. A nan na gaya masa rasuwar. A nan kuma ya gaya mini ya bar gini, zai bi wasu ramin zinariya cikin hamada, inda ba rezo, inda ake shiga a daɗe, wasu ma ba a sake jin labarinsu. Juma'a uku ta rage motar ta tashi.

Inna kuwa tana riƙe da saƙo. Kwana biyu kafin Baba ya cika ya ce mata ta gaya wa yaron ya yafe masa, duniya da lahira. Na rubuta masa haka. Ya amsa mini da cewa ya san halina, na iya gyara magana. Ban ga laifinsa ba, ranar bijimin ni na fi kowa zaginsa. Na ce wa Inna ta yi magana in ɗauka a salula in kai zaure in aika. Ta ƙi.

"Gahwara ba saƙon kasuwa ba ce da za a ba wani ya kai," in ji ta. "Ubanshi ya ce in hwaɗa mashi da bakina. Sai na hwaɗi, ya amsa, na ji."

Zaure kuwa cike yake da maza masu gaisuwa, mai takaba ba ta zuwa can. Tunda Inna ba za ta je wurin wifi ba, sai wifi ya zo wurinta.

Na hau kabu-kabu na koma Gidan Rumji na ɗauko kayan aiki: igiyar intanet doguwa, shuɗiya, tana naɗe cikin kwali a ƙarƙashin gadona, da wani tsohon akwatin wifi da na daina amfani da shi. Na ari tsani, na bi katanga da igiyar ina kafa ƙusa, maƙwabta suna leƙe suna salati wai mace a kan tsani. Na haɗa kai ɗaya da akwatin zaure, ɗaya kan da tsohon akwatin, wanda na rataye a ginshiƙin rumfar Inna. Na ba shi suna ɗaya da kod ɗaya, wato kalmar shiga, da na zaure, don duk salular da ta san wancan ta shiga wannan ba sai an tambaye ta komai ba. Gwaggo ta duba ta ce, to, an yi uwa an yi ɗa. Sunan ya bi su, har yau uwa da ɗa muke ce musu.

Na gwada da safe, hoto yana buɗewa tamkar a buron gwamnati. Na yi ta cika baki.

Juma'ar farko, ana saukowa daga masallaci, na shimfiɗa wa Inna tabarma a rumfa, na jingine salulata da ƙwarya a gabanta. Salula mai hoto tawa ce kaɗai a gidan, ta Baffa mai maɓallai ce. Inna ta ce bari ta gyara zama, ta juya mini baya ta gyara ɗaurin zane. Kira ya shigo. Fuskar autanmu ta fito, ya rame, ya yi baƙi, ya buɗe baki, sai hoton ya daskare. Alamar wifi tana cike, amma ba abin da ke shiga, ba abin da ke fita. Na ruga zaure da gudu, na ratsa maza ba ko sallama, na tsaya ƙarƙashin uwar. Can ma haka. Na kashe, na kunna, na zagi kamfani, na zagi hadari. Da la'asar komai ya dawo daidai, shi kuma mota ta daɗe da kwashe shi.

Washegari na buɗe tsohuwar kwamfutar da nake shirya jarrabawa da ita, wadda idonta na ɗaukar hoto ya mutu tuntuni, na shiga cikin akwatunan biyu. Nan da nan na ga kuskure, kuma nawa ne. Kowace na'ura da ta shiga wifi, uwar takan ba ta lamba, kamar yadda mai gida yake nuna wa baƙo ɗakinsa. To, tsohon akwatin nan shi ma mai gida ne a da, ban sauke shi daga muƙamin ba. Uwa tana rabon lamba, ɗa yana rabon lamba. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Na hana ɗan rabo, na bar shi da miƙa saƙo kawai. Na bi igiyar taku-taku ko akuya ta ci, na tarar lafiya. Kwana shida ina gwadawa safe da rana, ko gezau. Na ce wa Inna an gama, ta sa ranta a inuwa.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi a makon, shi ma ban ɗauke shi komai ba. 'Yar fitilar Inna mai cin rana, wadda ke da bakin sharja a gindi, kullum magariba sai a tarar ta mutu. Na ɗora laifin a kan gajimare.

Juma'a ta biyu garin ya yi wani irin tsit. Hadari ya haɗu a gabas ya ƙi tasowa, ya ƙi watsewa, ko ganyen bedi ba ya motsi, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu tun rana na tsaka. Wannan karon na bar kwamfutar a buɗe kusa da ni. Inna ta gyara zama. Kira ya shigo, autanmu ya ce "Inna," hoton ya daskare a kan bakinsa a buɗe.

Na duba kwamfuta. Ita tana aiki sumul, cikin wifi ɗaya, ƙarƙashin akwati ɗaya. Na buɗe shafin da uwar ke jera duk wanda ya shigo. Da safe biyu na gani, kwamfuta da salulata. Yanzu uku ne. Na ukun yana ƙasa, da ɗigo kore a gefensa, alamar yana ciki a wannan lokacin. An rubuta: Salular Baba.

Ni na rubuta sunan da hannuna, ranar da na ba shi tsohuwar salulata na koya masa danna maɓalli ya yi magana. Na san rubutun. Duk da haka tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Shafin ya nuna ta ɗan take shiga, ba ta uwa ba, kuma da ƙarfi, wato tana kusa, tana cikin ɓangaren nan da muke zaune. Na ɗaga kai. Taku goma daga rumfa ga ƙofar turakar Baba, kwaɗo a danne, gizo-gizo ya fara saƙa a jikin mariƙin.

Salular da ta yi mako biyar a kulle ba ta da sauran wuta. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani.

Ban ce wa Inna komai ba. Na tashi na je na kanga kunne a ƙyauren. Sanyin langa-langa kawai na ji, da warin turaren Baba da ke fitowa ta ƙasan ƙofa, sai wani abu can ciki yana ƙas-ƙas, wataƙila gara, wataƙila ɓera. Na ruga zaure na sa Baffa ya hau tsani kusa da 'yar tagar nan ya kira layin Baba, aka ce ba a samunsa. Na dawo, na zauna ina kallon ɗigon nan kore har ladan ya kira la'asar. Inna ta nisa ta ce yau ma Allah bai nufa ba, ta shiga ɗaki. Ko minti biyu ba a yi ba ɗigon ya koma toka-toka. Salulata ta yi ƙara, saƙon autanmu ya faɗo: na daina wahalar da tsohuwa, ya san ba abin da Baba ya ce, shi ya sa nake kashe kiran.

Na yi kuka don haushi, ba don tausayi ba. Sai na yi wautar nuna wa Gwaggo shafin. Ba ta iya karatu ba, amma da na karanta mata sunan, ko mamaki ba ta yi ba.

"To mi kike so?" in ji ta. "Gidanshi ne. Kin buɗe hanya tun daga zaure har ƙohwar ɗakin matatai, kin ce kowa ya san kalma shi shigo. Shi bai san kalmar ba?"

"Gwaggo, na'ura ce. Na'ura ba ta tashi sai da batir."

"Ke kinka sani, Madam. Ni dai na ce a tsinke igiyar ga."

Na je wurin Baffa na ce ya buɗe turaka in duba. Ya ce ba ya buɗe ɗakin ɗan'uwansa don wasan yara, sai ranar da malamai suka zauna. Na tambaye shi ko ya ga salular lokacin da yake tattara kaya. Ya ce yana jin tana aljihun babbar riga, ko kuwa an bar ta gidan likita a Maraɗi, bai riƙe ba. Na ce masa mutumin da ya riƙe makulli ya kamata ya riƙe lissafi. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Ni da nake dariyar mata masu tsoron tsamiyar bakin rijiya, sai ga ni ina zagaye ƙofar turaka in zan je madafa. Na sake duba komai. Na sauya bakin igiya, na matsar da ɗan daga ginshiƙi zuwa bango, na mayar. Na yi tunanin ko wani ɗan maƙwabta ya tsinci salular, amma bayan katangar Inna gonar gero ce, na zagaya na duba, ba sawun kowa sai na tsuntsaye. Na yi niyyar sauya kod, wanda shi ne abin da duk mai hankali zai yi, na ɗora yatsa na kasa. Gani nake kamar zan rufe wa Baba ƙofar gidansa. Na ji kunyar wannan tunanin, kuma ban sauya ba.

Ranar Talata da hantsi, Gwaggo ta tafi kai gaisuwa, Inna tana ɗaki, ni kaɗai a rumfa ina tsince wake da kwamfuta a gefe. Na waiga kawai na ga ɗigon ya koma kore. Ba iska, ba motsi, rana fayau. Na ji kamar wani ya tsaya a bayana, irin tsayuwar Baba in ya dawo gona yana jiran a kawo masa ruwa ba tare da ya ce komai ba. Ban juya ba. Na ƙirga numfashina har ɗigon ya mutu, sannan na ga waken duk ya zube ƙasa.

Juma'a ta uku ita ce ta ƙarshe, Asabar da asuba motarsu za ta shiga hamada. Na idar da azahar na ce wa kaina, ke malamar lissafi ce, daina kallon sunan, kalli lambar. Na ɗauki alli na rubuta lambar da uwar ta ba salulata a jikin ginshiƙi tun kafin lokaci. Ƙarshenta goma sha biyu.

Inna ta fito, ta zauna, ta ce bari ta gyara zama. Ta juya mini baya, hannunta ya shiga ƙugu, wajen da wuƙar take. Idona yana kan shafi. Na ƙirga ashirin, talatin, ɗigon ya yi kore. Na bi layin da yatsa zuwa gefe. Ƙarshen lambar goma sha biyu.

Sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Shekara biyu baya salular Baba ta riƙa fita wifi tana shiga, ni kuma don in nuna gwaninta na ƙi barin uwar ta ba ta lamba, na kafa mata ɗaya da hannu, na ce wannan taka ce har abada. Uwar ba ta san da wannan alkawari ba. Da ta ga an daɗe ba a amsa a goma sha biyu, sai ta ɗauka ɗakin ba kowa, ta ba ni. Duk lokacin da salular Baba ta farka, mu biyu muke amsa kira ɗaya, saƙo ya rasa wurin wanda zai je, daga ni har shi ba mai samu.

Saura tambaya ɗaya, kuma amsarta tana zaune a gabana. Na dubi ƙugun Inna. Kusa da kuben wuƙar akwai wani ƙulli cikin tsumma, wanda tun farko na ɗauka laya ce. Ta cikin saƙar tsumman wani ɗan haske yana fitowa.

"Inna!" Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. "Ke ce! Mako uku ina hawa tsani, ina faɗa da Baffa, ina tsoron inuwata, ashe abin yana ɗaure a jikinki!"

Ta dafe ƙullin da hannu biyu kamar zan ƙwace. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon idona, kunyar ɗan fari. Ranar ta dube ni.

"Rage murya, kar Baffanku shi ji. Ƙarƙashin matashi na tarad da ita randa anka hita da shi. Na san ba tawa ba ce, ta gado ce. Na kasa badawa." Ta shafa ƙullin. "Maganarshi ce za ni hwaɗi. Sai na ce bai kamata a yi ta ba shi kusa ba. Shi ya sa nike tada ta in lokaci ya yi. Ban san tana ɓata maki aiki ba."

Ashe da 'yar fitilar nan take ba salular wuta, a ɓoye, tun da hantsi.

Salulata ta fara ƙara a jikin ƙwarya, ta yanke, ta sake, ta yanke. Autanmu ya iso shagon. Na miƙa hannu na ce ta ba ni in kashe, minti ɗaya an gama. Ta girgiza kai. Na san Inna, in ta girgiza kai haka, gara ka je ka lallashi katanga. Na ce to ta ba ni in gyara, ba zan kashe ba, na rantse. Ta kwance tsumman a hankali ta ɗora mini a tafi. Da ɗumin jikinta. Gilashin ya tsage a kusurwa inda Baba ya taɓa yar da ita a gona, bayanta kuma duk shatin goro.

Na shiga, na goge lambar da na kafa, na bar uwar ta ba ta wadda ta ga dama. Ta ba ta goma sha biyar. A shafi ɗigo uku suka tsaya kore, kowa da ɗakinsa.

Salular Baba ta yi rawa a hannuna. Na fita daga wurin gyara, sai ga abin da aka bari a buɗe na ƙarshe: shafin hira tsakaninsa da autanmu. Fari fat, shekara uku ba ko kalma, sai abu ɗaya a ƙasa. Saƙon murya, minti ɗaya da 'yan kai, da alamar ɗan agogo a gefensa, wadda ke nufin bai tafi ba. Ina kallo agogon ya ɓace, alamar tafiya ta fito, ta biyu ta biyo ta. Kafin in ce wani abu sun sauya launi. Autanmu yana saurare.

"Inna, Baba ya yi masa magana?"

"Ya yi. Yana kwance nan ciki. Ya danna kamar yadda kinka koya mashi, ya yi magana, ya aje. Kullum sai ya ce in duba ko yaron ya amsa. Ni mi na sani? Da ya ga shiru ya yi yawa, ya ce ƙila hushi yake har yanzu, in hwaɗa mashi da bakina."

Na duba ranar da ke jikin saƙon. Kwana goma sha tara kafin ya cika.

Ban saurari saƙon a lokacin ba, sai daga baya. Tari ne da farko, da kukan zakara, da muryar Inna can nesa tana korar akuya. Sai Baba ya ce, kai, ni ne. Ya ce an yi shuka, ruwa ya zauna. Ya ce bijimi dabba ne, an sayi wani. Ya ce ya yafe, in da hali ya zo gida kafin kaka, in ba hali ba komai. Can ya ce to, ya tambayi Inna ko a nan ake sakin maɓallin.

Amma a rumfar, abin da ya faru shi ne salular Baba ta ɗauki ƙara. Ƙararsa, wadda duk unguwa ta sani, wadda ba a ji ba tun ranar da aka ɗauke shi. Gwaggo tana fitowa daga madafa ta saki kwano ta yi salati. A zaure hirar maza ta tsaya cak. Na danna, na ɗora wa Inna a cinya.

Fuskar autanmu ta cika gilashin da ya tsage. Bakinsa kawai ke motsi, wani a bayansa yana kiransa mota za ta tashi. Inna ta gyara lulluɓi, ta dube shi, ta faɗi abin da aka ba ta kamar ba a riga ta ba.

"Ubanka ya ce in hwaɗa maka ya yahe maka, duniya da lahira. Ka ji?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka amsa in ji."

"Na ji, Inna."

Ta ce to, ta sauke hannu, ta zare wuƙar daga ƙugu ta ajiye a tabarma, ta jingina da ginshiƙi ta rufe ido. Baffa ya shigo har rumfa, abin da bai yi ba tun da aka fara takaba. Ya dubi salular, ya dubi Inna, ya juya ya koma. Ranar rabon gado shi da kansa ya sa ta cikin kason autanmu, wanda bai hau motar Asabar ba, ya iso gida ana yankan gero.

Mutane suna cewa Madam ta yi ƙoƙari, ta ja igiya ta haɗa uwa da ɗa. Ina dai jin su. Igiyar nan na saye ta ne makon da Baba ya kwanta. Ya ce mini, tunda yanzu ba ya iya fita zaure, ko abin nan zai iya shigowa ciki? Na ce zai iya, aikin yini ɗaya ne, bari mu gama jarrabawa. Muka gama, na ce bari in gama gyaran takardu. Kwana goma sha tara yana tambaya ko yaron ya amsa, igiyar tana naɗe cikin kwali a ƙarƙashin gadona.